Daren da Na Shiga Kasuwar Kifaye a Bahar Maliya

Ni ɗan Salaga ne, garin rijiyoyi. Babban ruwan da na sani shi ne Tafkin Volta, inda muke hawa jirgin fito daga Makango zuwa Yeji muna ta salati. Sai ga ni a Hurgada ta ƙasar Masar, cikin wani jirgi mai ɗakunan kwana da kicin, wanda ake mako guda ba a taka ƙasa ba. A ciki muke ci, a ciki muke barci, a ciki muke salla. Alƙibla kuwa sai mun sake nemanta kowane lokaci, domin jirgin ba ya daina juyawa a kan igiyarsa.

Sai da na yi kwanaki ina koyon nutso da rana kafin malaminmu, wani Bamisire, ya ce yau da dare za mu sauka. Na ce, "Malam, a garinmu bayan magariba ko bakin rijiya ba a bari yaro ya je!" Ya yi dariya, ya goya mini tukunyar iska, ya ɗaura mini ɗamarar darma, ya ba ni tocila da takalma masu faɗi irin ƙafar agwagwa.

Jama'a, ruwan nan gishiri ne zalla, har da ɗaci. Muka nutse ɗaya bayan ɗaya, fitilu na reto cikin duhu, sai na tuna daren bikin wuta na Bugum a Yendi. Ba ka jin komai sai numfashinka da wata ƙara ƙas-ƙas, kamar ana toya ƙosai. Ashe ƙananan jatan lande ne ke wannan hidima.

Murjanin da iyayenmu mata ke ratayawa, ashe danginsa na nan da rai! Da rana sai ka rantse dutse ne, da dare kuwa ya buɗe ƙananan hannuwa yana kamun abinci. Launin ja da zurfi ke haɗiyewa, tocila ta dawo da shi. Na ga kifi mai bakin aku ya lulluɓe kansa da majina kamar gidan sauro, yana sharar barci. Wani mai ƙayoyin dafi ya yi ta bin haskena yana cafke ƙananan da na haska, na zama ɗan aikensa ban sani ba. Kamar kasuwar Bawku ce: masu albasa sun tashi, masu tsire sun kafa.

Daga nan malam ya yi alama mu rufe fitilu da ƙirji, mu kaɗa hannu. Sai ruwa ya kama tartsatsi shuɗi-shuɗi, wai wasu halittu ne da ido ba ya gani. Na so in yi kabbara, amma robar numfashi na bakina.

Da muka hau, aka miƙo mini shayi mai zafi. Na riƙe kofin ina kallon baƙin ruwan nan da alhazanmu suka riƙa ƙetarewa zuwa Jidda, ba su san abin da ke ƙarƙashinsu ba.