FURANA: GARIN DA SAMA KE YANKA WA ALBASHI

Wanda ya taso daga Zariya ya nufi Kano, in ya kai Tashar Yari ya karya dama, hanya za ta bi da shi ta Maƙarfi har ta sada shi da ƙasar Ikara. A cikin wannan ƙasa Furana take, ƙaramin gari ne na manoma a Masarautar Zazzau, arewacin Jihar Kaduna. Na sauka can a ƙarshen bazara, rana kamar ta tsaga ƙasa, ga gonaki an share an kai taki, ba a jiran kome sai ruwa. Duk wanda na gaisa da shi, kafin ya amsa sai ya ɗaga kai ya dubi gabas.

To, ya kai mai karatu, kada wannan ya ba ka mamaki. Ruwan wannan yanki, wanda yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukansa tsakanin Mayu da farkon Oktoba yake sauka, mafi yawansa kuwa cikin Agusta, lokacin marka. A 'yan watannin nan ake neman masara da dawa da gero da za su riƙe gida shekara guda. Abin da manomi ya fi tsoro shi ne ruwan fari ya sauka, ya yi shuka, sannan sama ta ɗauke mako biyu ko uku. Iri ya ƙone, sai a sake saye a sake shukawa, galibi da bashi.

Da kaka ta wuce, hunturu ya shigo da hazo daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai aiki ya koma fadama. Sanyin nan shi tumatir da albasa ke so, shi ya sa ƙasar Ikara ta yi suna da tumatir, kamar yadda Maƙarfi da Kudan suka yi suna da rake da mazarƙwaila. Amma fa noman rani ma da nasa haɗari, gama a 2016 tsutsa ta cinye gonakin tumatir a wannan yanki, har kwando ya gagari masu saye a Legas. Shari'a ma ta lura da bambancin wahalar nan: hatsin da ruwan sama ya shayar ushiri ake fitarwa, wanda aka sha wuyar ban ruwansa kuwa rabin ushiri.

Ma'aikaci yana karɓar albashi sau goma sha biyu a shekara, ɗan kasuwa yana juya kuɗinsa kullum, amma mutumin Furana sau ɗaya ko biyu ake biyansa, kuma babu ofishin da zai kai kuka in an makara. Da kaka yakan sayar da hatsi da araha don biyan bashin taki, in marka ta zo rumbu ya yi ƙasa, ya dawo ya sayi hatsin nan da tsada a hannun wanda ya ɓoye. Saboda haka mai auna buhu a kasuwar ƙauye ya cika mudu, ya yi ciniki da sauƙi, mai rabon taki a ofis kuma ya fitar da shi kafin shuka, don takin da ya iso cikin Agusta ya riga ya makara.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.