Kafin ka sayi injin share kafet, ka tambayi ƙurarmu da wutarmu

 

Duk shekara da hunturu ya kama, tambaya ɗaya ce ke yawo tsakanin masu kafet a yankinmu, daga Boɗinga har Shagari: wane injin zuƙe ƙura ne ya fi? Masu tambayar iri biyu ne. Akwai 'yan kwamitin masallaci da wani bawan Allah ya shimfiɗa musu kafet daga gaban liman har bakin ƙofa, yanzu sun rasa yadda za su yi da shi. Akwai kuma iyaye mata masu haɗa kayan ɗaki, waɗanda ɗiyarsu ta nuna musu hoto a waya ta ce shi ake yayi. Amsar da suke samu kusan kullum iri ɗaya ce. Wani zai ɗauko hoton inji mai tsayuwa, irin wanda ake turawa gaba a jawo baya, da taurari huɗu da rabi a ƙasansa, ya ce ga shi nan, dubban mutane sun yaba. Taurarin nan shaida ce ta gaskiya, amma a kan gidan wasu aka bayar da ita, da ƙurar wasu, da wutar wasu.

Ba raina masu gwaji nake yi ba. A Amurka akwai ƙungiyar Consumer Reports, wadda ta fara aiki tun 1936. Da kuɗinta take sayen kaya a kanti, kuma ba ta karɓar talla, don kada kamfani ya sa mata baki. Idan za ta gwada inji a kan kafet, sai ta auna yashi da farar hoda, jimilla giram 100, a danna su cikin gashin kafet, a bi da inji sau adadin da aka ƙayyade, sannan a sake aunawa a ga nawa ya kwaso. Batun ƙarko kuwa membobinta take tambaya, wanda ka saya ya lalace ko yana nan? Aiki ne mai kyau, ina ma a ce muna da irinsa. Amma giram 100 cikin tafin hannu ne kawai. Duk wanda ya taɓa ɗaga gefen kafet ɗin masallacin bakin titi a watan Janairu ya san abin da ke kwance a ƙasansa ya wuce haka nesa ba kusa ba.

Ko a Turai sai da aka je kotu kan wannan magana. Daga 2014 Tarayyar Turai ta wajabta manna wa kowane inji takarda mai nuna ƙwazonsa da cin wutarsa. Kamfanin Dyson na Ingila ya yi ƙara, ya ce ai da jakar ƙura wayam ake yin gwajin, alhali a gida inji da ƙura a cikinsa yake aiki, kuma da ta fara taruwa ƙarfin zuƙa ke raguwa. A Nuwamban 2018 kotu ta ba shi gaskiya, aka soke takardar. To idan a can, inda ake ruwa kusan duk shekara, tituna da kwalta, tagogi a rufe, an yarda cewa gwajin jaka wayam ba ya nuna gaskiyar gida, ina ga mu?

Ƙurarmu biyu ce, kuma kowace da ɓarnar da take yi. Ta farko ita ce ta hazo, wadda iska ke kwasowa daga hamada, mafi yawa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ta ratso Nijar ta sauka mana daga Nuwamba har wajen Maris. Laushinta kamar tankaɗaɗɗen garin tuwo, ba ta buƙatar a buɗe mata ƙofa. Ita ce ke toshe matacin inji. Ta biyu yashi ne, wanda ƙafa ke shigowa da shi. Ku lura da masallatan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal da Jega, inda matafiya ke tsayawa. Mutum zai yi alwala, ya sa silifas a jiƙe, ya taka rairayi taku biyar ko goma, ya cire ya hau kafet. Yashin da ya manne masa a dunduniya yana bushewa a sahun baya, ya gangara gindin gashin kafet, kuma kowane taku na gaba sai ya goga shi a jikin zaren har ya yanke. Shi ya sa za ka ga kafet ya fara sanƙo a bakin ƙofa alhali sahun gaba yana nan sabo. A kaka kuma ga ƙaiƙayin gero daga wurin sussuka.

Yashin nan shi ne dalilin da ya sa inji mai tsayuwa yake da amfani na gaske. A bakinsa akwai buroshi mai juyawa, bel ɗin roba ne ke jansa, yana bugun kafet yana tayar da abin da ya nutse, fankar ciki kuma tana zuƙewa. Zuƙa kaɗai ba ta fito da yashin da ya kwanta. Amma ga inda matsalar take. A yawancin injinan nan iskar da ake zuƙa ita ce kuma ke sanyaya koyil. Idan ƙurar hazo ta toshe mataci, iska ta ragu, inji ya ɗau zafi. Mai kyau zai kashe kansa ya huce. Maras kyau sai ka ji ƙauri. Takardar kamfani za ta ce a wanke mataci duk wata ko duk bayan wasu watanni. A nan cikin hunturu, wanda bai kakkaɓe shi bayan kowace shara ba yana kashe injinsa da hannunsa. Kuma in an wanke, sai ya bushe ƙarau kafin a mayar.

Na taɓa tsayawa Azahar a wani masallaci na yankinmu, na tarar da ladan yana shara kafin jama'a su taru. Dattijo ne, ya rufe hanci da gefen rawani, yana jan tsintsiyar kwakwa a duƙe. Hasken da ke shigowa ta taga ya nuna ƙurar tsaye a iska, yana gaba tana sauka a bayansa. A lungu ga inji mai tsayuwa an lulluɓe shi da tsohuwar sallaya. Na ce, “Baba, wannan fa, ba ya aiki?” Ya ce, “Ɗana, wani alhaji ya kawo muna shi, Allah ya saka mai. Ranar da anka sa shi ga wuta ya yi ƙara, ya yi hayaƙi, shi ke nan.” Na kifa shi na duba ƙaramin rubutun da ke ƙasa, sai ga 120. Injin Amurka ne, an yi shi don wuta mai bolt 120, mu kuwa tamu 230 ce. Mai yiwuwa a can taurari biyar gare shi. Abin da ya fi damuna ba kuɗin da aka yi asara ba ne, tarin da dattijon nan yake yi ne yana magana.

Mutumin da ya ƙirƙiro irin wannan inji ma mai shara ne. James Spangler, mai share wani kanti a garin Canton na jihar Ohio, asma ke damunsa, ƙurar kafet na tayar masa da ita. A 1907 ya haɗa fanka da akwati da sandar tsintsiya da rigar matashi, a 1908 ya yi rajistar ƙirƙirarsa, daga baya ya sayar wa William Hoover. Asalin abin don ƙirjin mai shara aka yi shi. Saboda haka idan ina maganar mataci, lafiyar mutum nake nufi. Injin da ba shi da mataci mai kyau zai kwashi yashi ya riƙe, ya feso ƙurar laushi ta baya, wadda ita ce ma ke shiga huhu. Matacin da ake kira HEPA, a ma'aunin Amurka, yana kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin ƙura masu ƙanƙantar maikiron 0.3, amma fa in jikin injin ba ya yoyon iska ta gefe. Da wannan ma'auni ne nake ƙin buluwa, wato na'urar hura iska, da wasu masallatai suka koma amfani da ita. Tana da arha, tana da sauri, amma ba ta kwashe komai, tayarwa kawai take yi, kuma mai riƙe da ita shi ke fara shaƙa.

Sai wuta. Kuɗin wutar da inji ke ci ba abin tsoro ba ne. Inji mai wat 1,000 in ya yi rabin awa, rabin yunit ya sha, kuma ko da farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sa wa masu wuta 'yan rukunin A a Afrilun 2024, abin bai fi naira ɗari da 'yan kai ba. Samun wutar shi ne magana, da kuma ƙarfinta in ta zo. Mu da ke layin Kaduna Electric a wajen birni mun san wutar da ke zuwa fanka na juyi da ƙyar. Ƙaramin janaretan da ake kunna amsa-kuwwa da shi bai kai wat 1,000 ba, inji kuma lokacin tashi yana jan fiye da abin da aka rubuta masa. Solar masallaci da aka haɗa don ƙwai da fankoki ba za ta ɗauki mai wat 2,000 ba. A nan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba: yawan wat cin wuta yake nunawa, ba ƙwazon shara ba. Turai ta hana sayar da sabon injin gida da ya wuce wat 1,600 a 2014, ta sake ragewa zuwa 900 a 2017, kuma kafet ɗinsu bai daina fita ba. Don haka a cikin kayan gwanjo, na Ingila da aka yi bayan 2017 ya fi dacewa da mu: wutarsa irin tamu, filoginsa mai baki uku irin namu, cinsa kaɗan. Masu batir kuwa, suna da daɗin riƙo, amma zafin Sakkwato da ke haura digiri 40 a Afrilu ba ya barin batir ya yi tsawon rai, kuma sabon batir ba a kowace kasuwa ake samu ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin shi ne ƙarko a wurinmu. Bature idan ya ce inji na da ƙarko, yana nufin bai lalace ba. Mu dole mu ƙara da cewa, in ya lalace wa zai gyara? Bel ɗin roba yana saki, yana tsinkewa, musamman in zare da gashin kitso sun nannaɗe buroshi. Abu ne na kuɗi kaɗan, amma in babu shi a Sakkwato ko Sabon Gari a Kano, inji ya zama kayan ado. Mai jaka ta takarda, ina za ka sami jakar bayan wata uku? Ni a ganina, injin da mai gyaran fanka na garinku zai iya kwancewa ya sake masa koyil ya fi wanda ya fi shi suna amma babu mai iya taɓa shi. Ka sa a kunna maka a shago, ka zuba yashi a ƙyallen kafet ka gani da idonka, ka karɓi rasit. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC, amma ba tare da rasit ba, ko ƙorafi za ka kai ba ka da abin riƙewa.

Ga iyayenmu mata masu shirin jere, shawarata daban ce. Ɗakin amarya gado ne da kujeru da wadirof, filin da ya rage kaɗan ne. Inji mai tsayuwa ba ya shiga ƙarƙashin gado, yana cafke gezar darduma, yana haɗiye sallaya maras nauyi, kuma kafet ɗin tsakar ɗaki mai dogon gashi yana shaƙe masa buroshi. Inji mai tulu da mesa ya fi shi amfani a nan, yana bin lungu da labule da kan kujera. Mai tsayuwa na fili ne mai faɗi da kafet mai gajeren gashi, irin na masallaci mai layin sahu da ake kawowa daga Turkiyya.

Kuma kafin inji, a yi tunanin kafet ɗin kansa. Iyayenmu daɓe suke yi, a shafe shi da makuba, a yayyafa ruwa a share. Wasu masallatai rairayi mai tsabta ake zubawa, a tankaɗe shi lokaci-lokaci. Ƙasar da Shehu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi a Boɗinga, ƙasar buzu ce da tabarma, abubuwan da ake ɗagawa a kakkaɓe a shanya. Ba cewa nake a koma can ba. Na san daɗin kafet a sallar Asuba cikin sanyi, na san sauƙin da yake yi wa gwiwoyin tsofaffi. Amma kafet ɗin da aka manne da gam bango zuwa bango ya raba mu da babban makamin da muke da shi kyauta, wato rana. Wanda aka yanka sahu-sahu ana iya naɗe shi, matasa huɗu su fitar, a rataya a katanga a buga, a kai wurin wankin mota kafin azumi, ya bushe a wuni ɗaya. Inji sai ya zama na tsakanin wanki da wanki, ba shi kaɗai ke ɗauke da nauyin ba.

Ina roƙon waɗanda injinsu ya ga hunturu biyu ko uku yana aiki, su faɗa wa 'yan uwa sunansa, wat nawa ne, da wace wuta suke kunna shi, me ya taɓa lalacewa, a ina aka gyara. Shaidar mutum goma daga Yabo, Danchadi, Shagari da Boɗinga ta fi mana amfani a kan ta mutum dubu goma da ba su taɓa ganin hazo ba.

Masu niyyar sadaka kuma, Allah ya karɓa. In za a sayi inji, a haɗa da bel biyu da mataci na canji, a zauna a koya wa wanda zai riƙe shi, a tabbatar akwai wutar da za ta ja shi. In kuɗin ba su kai ba, a zuba siminti daga wurin alwala zuwa ƙofa, a sa abin goge ƙafa mai kauri a kowace mashiga, a gyara tagogin da suka fashe. Yawancin yashin da ke cin kafet ta wannan ɗan tsakanin yake shigowa.