Zuwa ga Auta, kafin ki shiga kasuwar kayan jariri

Auta,

Ina fata kina lafiya, ke da maigidan. Yaya nauyin jiki? Allah ya raba lafiya. Mu ma nan Zariya lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Na ga jerin kayan da kika turo, har da hotunan mayukan nan masu zanen ganye a jikin kwalba, waɗanda mai tallarsu a Instagram ta rantse miki babu kemikal a cikinsu ko ɗigo. Na so in kira ki, sai na ga maganar ta fi ƙarfin waya, kuma na san halinki, za ki ce "to Yaya" ki manta. Shi ya sa na rubuta, ki ajiye, ki nuna wa maigidanki tunda shi zai biya.

Rabin abin da ke cikin jerin nan jariri ba ya buƙatarsa. Kuma zanen ganye ba shaida ba ne. A ɗakin jariran da nake aiki na ga cutar da aka sayo da tsada a kanti, na ga wadda ta fito daga adakar kaka, duk gado ɗaya suke kwantar da yaro. Don haka kome aka miƙo miki, na gargajiya ne ko na Bature, ki tambayi abu biyu: me ke cikinsa, kuma in ban yi amfani da shi ba me zai samu yaron?

Bari in fara da wanda zai fi jawo miki surutu, wato kwalli. Kin tuna dutsen kwallin Inna, mai sheƙi kamar azurfa, ɗan mitsitsi amma in kin ɗauka nauyinsa ya fi girmansa? Nauyin nan na dalma ne. Daga ƙasa aka haƙo shi, babu hannun kamfani a ciki, amma guba ce. A 2011, a birnin Boston na Amurka, likitoci suka tarar dalma ta hau a jinin wani jariri ɗan wata 6, iyayensa 'yan Najeriya. Aka bi diddigi, ashe kwallin da aka kai musu daga gida ne ake sa masa a ido. Da aka auna shi, fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Yadda take shiga kuwa ba wuya: yaro ya murza ido ya kai hannu baki, hawaye kuma yana bin wata 'yar hanya zuwa hanci da maƙogwaro, sai ya haɗiye. Hanjin yaro ya fi na babba tsotse dalma nesa ba kusa ba, kuma ƙwaƙwalwar da ke girma take nufa. Ba za ki ga komai a wannan watan ba. Sai ya shiga makaranta a fara cewa ba ya ganewa, ba wanda zai tuna da kwalli.

Mu 'yan Arewa bai kamata a yi mana dogon bayani kan dalma ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara kimanin 400 suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a tsakar gida. Ban ce kwalli zai yi irin wannan ɓarna ba, adadin ba ɗaya ba ne. Amma gubar ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jinin yaro da za a ce ba komai. Za a ce miki ai kwalli sunna ne. Ba na jayayya da wannan. Abin da nake cewa, wanda ake tallarsa a kasuwa ba ki da hanyar gane ismid ne ko dalma da ido, mai sayarwar ma bai sani ba, kuma ba wanda ya wajabta shi a kan ɗan kwana uku.

Na biyu shi ne akwatin kayansa. Kada ki jefa kafur a ciki, fararen ƙwallayen nan da muke sawa don kyankyaso da asu. Akwai wani sinadari a jiki da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, likitoci na kiransa G6PD. Yaranmu da yawa, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancinsa, gado ne, kuma ba a gani a fuska. Irin wannan yaro in ya shaƙi kafur, ko ya sa rigar da ta sha shi, sai jininsa ya fara farfashewa, shawara ta taso. An taɓa kawo mana wani ɗan kwana biyar, ya yi ɗorawa har tafin ƙafa, ya ƙi kama nono, kukansa siriri mai tsini, yana banƙarewa. Ina kwance shawul ɗinsa warin kafur ya buge ni. Uwar tana kuka tana cewa ita fa tun cikin yana wata bakwai ta wanke kayan ta adana, don kada ƙwaro ya taɓa. Ba sakaci ta yi ba, kula ce ta yi mata yawa. Shawara in ta kai wannan matsayi tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko shanyewar jiki har abada.

Ba kafur kaɗai ba. Hodar nan mai sanyi ta ƙurajen zafi, da man zafi mai ƙamshin minti, da lallen da ake ɗiga wa jarirai mata ran suna, duk likitocin yara sun haɗa su a layi ɗaya. E, har lallen gida, ganye tsantsa. Baƙin lalle kuwa da ake haɗawa da rinin gashi, ko ke ki yi hattara da shi. A makon farko kullum ki fito da yaron bakin ƙofa da rana, ki danna hancinsa ko goshinsa da yatsa ki saki, ki duba farin idonsa da dasashinsa. In kin ga ɗorawa, asibiti, ranar. Ba shanya a rana, ba ruwan gulukos, ba jiƙo. Akwai fitila mai shuɗin haske da ake sa su a ƙarƙashinta, ita ce maganin.

Hoda ma gaba ɗaya ki cire ta daga lissafi. Kamfanin Johnson & Johnson da kansa ya daina sayar da tsohuwar hodarsa ta jarirai a Amurka da Kanada a 2020, sannan a duk duniya a 2023, bayan ƙararraki masu yawa, ya koma yin ta da garin masara. Amma ko ta masarar ce, ƙura ce, huhun jariri take shiga. Ki tsane maƙwalmaƙwal ɗin wuyansa da cinyoyinsa da tawul mai laushi, ya wadatar.

Cibiya: a asibiti ki nemi Chlorhexidine mai kauri, wanda yake cikin ɗan tub. Ki wanke hannu ki shafa sau ɗaya a rana har ta faɗi. Ba man goge baki, ba toka, ba gishiri, ba gashi da tsumma mai zafi. Ta nan ne ciwon da ke sandarar da jariri ya kasa buɗe baki yake shiga. Kuma ki ajiye Chlorhexidine ɗin nesa da maganin ido, ki gaya wa duk mai taya ki. An samu jarirai a ƙasar nan da aka ɗiga musu shi a ido bisa kuskure, suka makance.

Yanzu fata, inda kika fi zuba buri. Farin maiƙon da yaro ke fitowa da shi ba datti ba ne, kariya ce, shi ya sa yanzu ake jinkirta wankan farko har a kwana. In Gwaggo ta ce zai yi ƙarni in ya girma, ki yi murmushi kawai. A makonnin farko ruwa mai ɗumi ya isa, sabulu kaɗan, ba kullum ba. Sabulun salo na toka ne, yana da kaifi, ki bar wa kanki. In za ki sayi na kanti, juya bayan kwalbar: lambar NAFDAC, ranar lalacewa, da jerin abin da ke ciki. Wanda jerinsa ya fi gajarta shi za ki ɗauka. In kin ga Fragrance ko Parfum, ajiye, turare ne, kuma shi ya fi tayar wa jarirai da ƙaiƙayi. Wanda babu jerin komai a jikinsa sai lambar wayar mai haɗawa, kada ma ki tsaya ciniki.

A nan kakanninmu sun ci gari: man kaɗe. Ki sami sabo, wanda bai yi tsami ba, ki narkar da shi a kan ruwan zafi, ki tace da tsabtataccen ƙyalle, ki zuba a kwalba mai murfi. Da shi da basilin fari marar ƙamshi kin gama da hunturu, kin gama da kunzugu. Sai dai ki saya a dunƙulensa, kada ki karɓi wanda aka riga aka haɗa. Abin da ke ɓata mini rai kwanan nan shi ne haɗin da ake yi wa jarirai wai don haskensu ya zauna. Ana matsa mayukan ƙuraje na kemis masu ɗauke da sitiroyid a cikin man kaɗe, a liƙa masa suna mai daɗi. Fatar jariri siririya ce, abin yana ratsawa har jini. Sai ki ga yaro ya yi fayau, kumatu sun kumbura, jijiyoyi sun fito, ƙyasbi da makero sun ƙi jin magani. Auta, kusan duk yaranmu da haske suke fitowa, bayan 'yan makonni launinsu na gaskiya ya zauna. Ba sabulu ne ya rina su ba. Ki dubi mijinki, ki dubi Baba, ki san abin da za ki haifa.

Abin da zai shiga bakinsa kuwa, nono zalla wata 6, ko ruwa ba ya buƙata, har a zafin Kano. Na farkon nan mai kauri, dakashi, kada a matse a zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Zuma sai ya shekara. Tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin babba ke iya wa, amma a jariri sai ta saki jikinsa, har numfashi ya gagara. Ɗauri da jiƙe-jiƙe ba wanda ya san adadin da ke cikinsu, ƙodarsa kuma ba ta yi ƙwari ba. Na kemis ma kada ki saki jiki. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani maganin haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya, saboda an haɗa shi da wani sinadarin masana'antu da ke kashe ƙoda. A 2022 irin wannan ta faru a Gambiya da maganin tari, yara kusan 70. Haƙori ba ya buƙatar sirof. Ki wanke yatsa ki murza masa dasashi. Zazzaɓi mai zafi da gudawa kuma kada a ce miki haƙori ne, a kai shi a duba.

Fida guda shida da kika rubuta, me za ki yi da su? In ta kama sai an ba shi nonon da kika tatsa, ƙaramin kofi na silba ya fi, don ana iya wanke shi tas. In kuma dole sai fida, ki nemi ta gilashi. Robar nan mai tauri garai-garai da aka saba yi da ita tana da wani sinadari, BPA, wanda Tarayyar Turai ta hana a fidar jarirai a 2011, Amurka ta bi a 2012. Kowace irin roba ce, in ta dusashe ko ta karce, a yar.

Kayan kwanciya ba sai na ja ba. Shimfiɗa mai tauri, a miƙe, yaro a rigingine, ba matashi. 'Yar katifar nan mai gidan sauro da ake sayarwa da ɗan filo, ki cire filon. Kujerar barci mai gangare da kika turo hotonta, irinta ce kamfanin Fisher-Price ya janye guda miliyan 4.7 a 2019 bayan mutuwar jarirai, don kan yaro na langaɓewa gaba ya toshe numfashi, kuma Amurka ta haramta irinsu a 2022. In kin ga makamanciyarta a gwanjo da araha, wuce. Keken koyon tafiya ma Kanada ta hana sayar da shi tun 2004. Ba ya koya wa yaro tafiya, sai dai ya kai shi bakin murhu da sauri. Tabarma da zanen goyo sun fi su duka. Kayan sawa na auduga, a wanke kafin a sa, ko sababbi ne.

Inda nake so kuɗin ya tafi shi ne gidan sauro mai magani, babba, wanda zai rufe ku duka. Ki shanya shi a inuwa ya kwana kafin ki ɗaura. Da shi ba ki buƙatar maganin sauro na kunnawa, balle a yayyafa fiya-fiya a ɗakin da jariri ke kwana. Haihuwarki za ta faɗo cikin sanyi, don haka ki ji wannan da kyau: ba a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, janareta kuma nesa da taga. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari. Turaren wutar jego ba zan hana ki ba, na san ba za ki ji ba, amma ki kai kaskon wani ɗaki, ki turara jikinki da kayanki can, ban da nasa.

Saura yadda za ki yi da manya, tunda gida za ki zo wanka. Kada ki tsaya musu da Gwaggo, ba za ki ci ba, kuma ba ladabi ba ne. Ki ce likita ne ya hana, in ta matsa ki ce a tambayi Yaya, ni na saba shan faɗanta. Na riga na yi wa Inna maganar kwalli da kafur, ta ce ita duk da su ta raine mu, amma ta yarda ta kwashe kafur ɗin daga ɗakin da za ki sauka. Man kaɗe kada ki saya, akwai mai kawo mini daga jihar Neja, zan tace in taho miki da shi. Ki tambaya a wajen awo ko suna gwajin G6PD, in suna yi a yi wa yaron da zarar an haihu.

Ki gaida maigidan da Hajiyarsu. Yara suna gaishe ki.

Taki,
Yaya