Gani Ya Kori Ji

Tun ina yaro, in rana ta take, nakan tsaya bayan mayankar garinmu ina kallon ungulaye suna kewaya a sama, ba mai kaɗa fiffike, ba kuma wadda ke bangaje 'yar'uwarta. Ban taɓa zaton zan shiga sahunsu ba, sai a 2019, sa'ad da na je Ingila hutu wurin yayana, ya kai ni wani fili inda ake koyar da tuƙin jirgin sama marar inji.

Shi wannan jirgi dabarar ungulu gare shi. Ƙaramin jirgi mai inji ya ja mu da igiya har ƙafa 2,000, sa'an nan muka sake ta. Daga nan sai neman inda ƙasa ta ɗumama, iska mai zafi na tashi, a shiga cikinta a yi ta kewayawa tana ɗaga mutum. To, ga inda gizo ke saƙar: kowa wannan iskar yake nema. Da matuƙi ɗaya ya samu, sai ka ga saura sun yo masa caa, jirage biyar ko shida cikin da'ira guda, ga su farare, sirara, ƙarƙashin farin gajimare.

Saboda yawan karon irin waɗannan jirage ne wasu matuƙa a ƙasar Suwizalan suka ƙago wata 'yar na'ura a 2004, ana ce da ita FLARM. Takan san inda jirgi yake ta hanyar tauraron ɗan'adam, ta ƙiyasta inda ya dosa, ta sanar da 'yan'uwanta ta rediyo. In ta ga hanyoyi biyu za su haɗu, sai ta yi ƙara, ta kunna fitila ta gefen da haɗarin yake. Tazarar da take ba matuƙi ba ta kai sakan 20 ba.

Ina kujerar gaba, malamin tuƙi, wani dattijo mai furfura, yana bayana. Ya bar mini sandar tuƙi ke nan, ina jin kaina wani shaho, sai na'urar nan ta tsandara ƙara. Jama'a, me zan yi? Sai na sunkuyar da kai na ƙura wa fitilar ido, wai ina lissafin ko dama take nufi ko hagu. Ban ankara ba na ji sanda ta kuɓuce mini, jirgi ya kwanta dama, wani dogon farin fiffike ya gilma ta ƙarƙashinmu. Har hular matuƙin na gani.

Dattijo ya ce, "Samari, me ka gani?"

Na ce, "Jar fitila, Malam."

Ya ce, "Fitila ce za ta buge mu?"

Na yi tsit.

Kada mai karatu ya ɗauka kushe na'urar nake yi. Ido ma yana da nasa aibin, kuma mugu ne. Jirgin da zai yi karo da kai ba ya gusawa dama ko hagu a gilashi, yana nan wuri ɗaya kamar ƙuda ya mutu a jiki, sai daf da isowa ya kumbura farat ɗaya. Shi kuwa ido abin da ke motsi ya fi saurin kamawa. Balle wanda ke bayanka ko ƙarƙashin ƙafarka. Malam kansa ya amsa cewa ƙarar ce ta fara juyo da kansa wajen. Bambancinmu, shi da ya ji ya duba waje, ni kuwa na duba ciki. Abin da ya fi ba ni tsoro, ban yi minti 20 a sama ba har na riga na miƙa wa na'ura amanar raina, na bar waige-waigen da aka koya mini a ƙasa, alhali kuwa ba ta ganin kowa sai mai ɗauke da irinta.

Muna gangarowa za mu sauka, Malam ya taɓa kafaɗata ya ce in duba hagu, ƙasa kaɗan. Na duba, na sake dubawa, da ƙyar na tsinkayo wani mutum rataye jikin lemar shawagi, yana lilo abinsa. Na saci kallon na'ura. Ko ƙyas ba ta ce ba.

Daren nan sai da matar yayana ta ba ni man zafi na shafa a wuya.