Wat 100 a jikin kwali

Ƙaramar amfilifaya mai ajin D ta samu shiga masallatan unguwa a Potiskum, kuma ta cancanta. Kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ta ja yana isa lasifika, shi ya sa batirin sola ke jimawa, ita ma ba ta ɗaukar zafi sosai ko a Afrilu.

Rubutun kwalin ne ke damuna. Mai guntun TPA3116 sai a rubuta wat 100. Na haɗa ɗaya da batir mai bolt 12 da lasifika mai om 4, na auna: kowane ɓangare bai wuce wat 18 ba. Da an ƙara murɗawa, muryar ladan ta fara tsagewa. Kuɗin sayenta kuwa jama'ar unguwa suka tara shi bayan sallar magariba.