Daga Kano Zuwa Dakar Ba Madugu

Shekara biyu ke nan ina shirin tafiya daga Kano zuwa Dakar, babban birnin Sanagal, a mota, tasha bayan tasha, ba tare da na hau jirgin sama ba. Duk wanda na gaya wa a gida, tambayarsa ɗaya ce: me ya yi zafi? Yayata kuwa cewa ta yi, in ziyarar Kaulaha nake so, ga jirgi nan, kwana ɗaya na isa. Gaskiyarta. To amma ni abin da nake nema yana tsakanin Kano da Dakar ɗin ne, wato garuruwa da kasuwanni da bakunan mutanen da jirgi ke tsallakewa cikin gajimare. Wannan shiri ya koya mini wani abu da nake so in raba da 'yan'uwana marubuta tun ban ɗaure kaya ba.

Mai karatu, in ka shimfiɗa taswirar Afirka ta Yamma, hanyar da idonka zai fara kamawa ita ce ta arewa. Ka fita ta Katsina da Jibiya, ka shiga Maraɗi, ka wuce Birnin Ƙonni da Doso har Yamai. Daga nan sai Wagadugu, sai Bobo, sai Sikaso, sai Bamako, sai Kayes, ka tsallaka zuwa Tambakunda, ka bi ta Kaulaha ka sauka Dakar. Tafiyar ta haura kilomita 3,500, ƙasashe biyar, iyakoki huɗu. Kuɗi iri biyu kacal za ka riƙe, naira da sefa, domin Nijar da Burkina Faso da Mali da Sanagal duk kuɗinsu ɗaya. Hausa kuma za ta kai ka har Yamai ba ka nemi tafinta ba. Wannan ce hanyar da ayarin masu zuwa Maulidin Madina Baye, garin Shehu Ibrahim Inyas, suka daɗe suna bi a manyan motoci.

Sai dai taswira ba ta nuna tsoro. Tun 2012 Mali ke fama da yaƙi, Burkina Faso kuma ta shiga nata tun wajen 2015. Titin da ya tashi daga Yamai ya bi ta Torodi da Fada N'Gurma zuwa Wagadugu ya zama wurin da direba ke shiga da addu'a a baki. A watan Satumba na 2025 masu ɗauke da makamai suka shiga ƙona tankokin mai a hanyoyin da ke shiga Bamako, har da wadda ta fito daga Sanagal ta Kayes. Ga kuma siyasa. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyakarmu da ita, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. A ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS. Ni da na taso ina jin cewa Maraɗi ƙofar gida ce, ranar da na ja layi na soke wannan hanya a takardata na daɗe ban ce uffan ba.

Hanya ta biyu ita ce ta bakin teku. A gangara Legas, kimanin kilomita 1,000 daga Kano, a fita ta Seme zuwa Kwatano, Lome, Akra, Abijan, a ratsa Laberiya da Saliyo da Gini da Gini Bisau, a shiga kudancin Sanagal, a keta Gambiya, a sake shiga Sanagal. Na ƙirga, ƙasashe goma sha ɗaya, iyakoki goma sha ɗaya, tafiyar wajen kilomita 5,000. Kuɗi iri bakwai: naira, sefa, sidi na Gana, dalar Laberiya, liyon na Saliyo, faran na Gini, da dalasi na Gambiya. Duk canji kuwa sai ɗan canji ya yagi rabonsa. Harshen ofis iri uku, Ingilishi da Faransanci da harshen Fotugal a Gini Bisau. Tsakanin Seme da Aflawo ta ƙasar Gana bai fi kilomita 200 ba, amma a wannan ɗan tsakani sau uku za a sauke ka a duba takardunka.

A takarda dai abin da sauƙi. An kafa ECOWAS a Legas a 1975, kuma yarjejeniyarta ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga 'yar'uwarta ya zauna har kwana 90 ba biza. Abin da ake bukata shi ne fasfo mai rai da katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa mutum har ƙarshen ransa. Mai tafiya da motarsa zai ƙara da inshorar nan ta ƙungiyar da takardun kwastan. Wannan ita ce doka. Amma doka ba ta gaya maka shinge nawa ne tsakanin gari da gari, ko wane jami'i ne zai riƙe fasfonka yana juya shi har ka gane abin da yake nufi, ko kuma ƙarfe nawa ake rufe wace iyaka. Ba ta gaya maka cewa gwamnati na iya wayar gari ta garƙame ƙofa, kamar yadda Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ko cewa ƙasashe da yawa kan rufe iyaka ranar zaɓe.

A nan ne na tuna da fataken Gwanja. Kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna tashi daga Kano da jakuna da alfadarai, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su tsallake Kwara, su ratsa Bargu, su kai Salaga su saro goro. Tafiya ce ta watanni. Masu cewa a da ba iyaka a Afirka su ƙara bincike, domin kowane sarki a hanya yana karɓar kuɗin fito, kowane daji da 'yan fashinsa. Abin da fatake suke da shi wanda ni ba ni da shi shi ne madugu. Shi ya san rijiyar da ba ta ƙafewa, da sarkin da ake yi wa gaisuwa da riga, da garin da ake yaƙi a kewaye shi. Yana da jagaba mai shiga gaba, yana da malamin ayari mai rubutu da duba ranar tashi, kuma a kowane zango akwai mai masauki da ke jiransa. Matafiyin yau shi kaɗai ne madugu, shi ne jagaba, shi ne malamin ayari. Duk wancan ilimi sai ya tara shi da kansa kafin ya bar ƙofar gida.

To ina ake samunsa? Na duba littattafai, na duba intanet, na sami nisa da sunayen garuruwa. Sauran kuwa a bakin mutane na same shi: direbobin manyan motoci, 'yan kamasho a tasha, 'yan canjin Wapa, dillalan goro, da tsofaffin da suka je Kaulaha sau biyar sau shida. Su suka koya mini cewa a ƙasashen sefa da biyar biyar ake ƙirga kuɗi. Bahaushen Nijar in ya ce dala yana nufin faran 5, in ya ce ɗari yana nufin 500, jika kuma 1,000 ce. Bambarawa da Wolof su ma haka suke lissafi da nasu kalmomin, don haka baƙon da bai sani ba sai ya yi ta rigima a kasuwa a banza. Su suka gaya mini cewa Fijo mai ɗaukar mutum bakwai a Sanagal ba ta da lokacin tashi, sai ta cika, kuma a Gini irin wannan motar fiye da bakwai ake cusawa. Su suka ce kada in kuskura in doshi kurmin Gini ko Laberiya da damina, domin ruwan da ke sauka a Monrobiya a shekara ya ninka na Kano sau huɗu ko fiye, hanyar ƙasa kuma takan zama taɓo, mota ta kwana uku a wuri guda. Su kuma suka lissafa mini zangunan da kakanninmu suka bari: Zangon Kwatano, Zangon Lome, Sabon Zango da Nima a Akra, inda za ka yi sallama da Hausa a amsa maka da Hausa.

Da na haɗa wannan duka sai na fitar da hanya ta uku. Zan bi bakin teku har Abijan, in hau arewa maso yamma ta Man zuwa Nzerekore a ƙasar Gini, in haura tsaunukan Futa Jalo ta Labe, in sauka Kundara, in shiga Tambakunda, sannan Kaulaha da Dakar. Ƙasashe bakwai, iyakoki shida, kuɗi iri huɗu. Zan tashi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, in ware wata guda, in riƙe guzurin wata biyu. Ta fi ta arewa tsawo nesa ba kusa ba, amma Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Akwai kuma abin da ya sanyaya mini rai game da ita. Alhaji Umaru Futi, da ya dawo daga Makka ta ƙasa, ya zauna shekaru a Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, bayan rasuwar Bello a 1837 ya kama hanyar yamma har Futa Jalo. Ashe tsaunukan da zan hau ba baƙin Sakkwato ba ne.

Yanzu bari in juyo gare mu, mu masu alƙalami. Madugai nawa ne suka yi wannan hanya suka mutu da iliminsu a ciki? Yawancin abin da muka sani game da ayarin Gwanja Turawa ne suka rubuta, irin su Kilafatan da Barth da suka haɗu da fatake a hanya, sai kuma ɗan abin da Alhaji Umaru na Karaci, haifaffen Kano da ya zauna Salaga, ya bar mana. Ko labarin Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da ya bi Barth har Ingila a 1855, wani Bature ne, Schön, ya ɗauka daga bakinsa. Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi bayan zuwansa Ingila a 1943, Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Bayan waɗannan, littattafan tafiya nawa za ka iya ƙirgawa a kantin mai sayar da littattafan Hausa? Mun cika kasuwa da labaran soyayya, ban ce laifi ba ne, amma ga direban da ya shekara talatin tsakanin Kano da Abijan yana zaune kan benci a tasha, ba wanda ya taɓa zuwa masa da takarda da biro. Hanyar Yamai zuwa Bamako da muke gani kamar ba za ta taɓa gagara ba, ga shi yau ta gagari mutane da yawa, waɗanda suka san ta a lokacin kwanciyar hankali kuma tsufa suke yi.

Saboda haka abu na farko da na saya don wannan tafiya shi ne littafin rubutu mai kaurin bango, kuma tun ban fita Kano ba na cika kusan rabinsa da abin da mutanen tasha suka gaya mini. Ko Allah bai nufa na kai Dakar ba, wannan rabin ya riga ya tsira. Wanda ba shi da halin tafiya a cikinmu yana da halin zuwa tashar garinsu. Ya je ya gai da tsohon direba, ya zauna, ya yi tambaya, ya rubuta sunan kowane gari da kuɗin mota da shekarar da abin ya faru, don jikokinmu su sami madugu a takarda. Allah Ya kawo zaman lafiya a ƙasashenmu, Ya kai matafiya gida lafiya, amin.