Fasali a kan Haƙƙin Ɗa Kurma a kan Mahaifansa

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai raba ji da gani tsakanin bayinsa gwargwadon hikimarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai wanda aka jarrabe shi da ɗa kurma, ka sani cewa mafi girman abin da yaron nan yake bin ka bashi shi ne magana. Ci da tufafi kowane ɗa yana bin ubansa su. Amma ɗa mai ji yana tsintar harshe a tsakar gida, ba da wahalar kowa ba, alhali kurma ba ya samunsa sai an kai masa shi da niyya, ta hanyar idonsa.

Mutane suna kiransa bebe, daga nan kuma wasu su zarce su ɗauke shi wawa. Wannan zalunci ne. A mafi yawan lokaci harshensa lafiya lau ne, hankalinsa cikakke ne, kunne kaɗai ne ya toshe. Wanda bai taɓa jin kalma ba, ta yaya zai maimaita ta?

Sabubban kurumta sanannu ne ga likitoci. Akwai wanda ake haifa da ita ta gado, kuma wannan ya fi aukuwa inda auren zumunci ya yawaita. Akwai wanda shawara mai tsanani ta kama shi a kwanakin jego. Akwai ƙyanda, da kunne mai zubar da mugunya da aka bari ba magani, da wasu allurai masu ƙarfi da ake yi ba bisa umarnin likita ba. Sannan akwai sanƙarau. Mu da muka ga annobar shekarar 1996 ba za mu manta ba: a Najeriya ta kama mutum fiye da dubu 100, ta kashe fiye da dubu 11, kuma da yawa daga yaran da suka tashi daga jinya sun tashi ba su ji. Saboda haka kada uba ya ɗora wa matarsa laifi, kada uwa ta zargi kishiya ko maye. Riga-kafin ƙyanda da na sanƙarau kuwa yana cikin riƙo da sababi wanda shari'a ta yi umarni da shi.

Ki lura, ya ke uwa, domin ke ce farkon mai gani. Jaririn da tsawa ba ta firgita shi, faɗuwar kwano ba ta sa ya waiwaya, ya kusa shekara ba ya juyowa in an kira sunansa ta baya, a kai shi a auna jinsa. Kada a ce ai kawunsa ma ya yi jinkirin baki. Shekarun farko su ne lokacin da harshe yake kafuwa a cikin ƙwaƙwalwa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wani yaron na'urar ƙara ji tana taimakonsa, wani ba ta yi masa komai. Ko wanne ne, kada a jira na'ura kafin a fara yi masa magana da hannu.

Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, shi ne maganar hannu, wanda suka gada tun kaka da kakanni. Da shi suke ciniki, su yi gardama, su yi raha, su ba da labari. A makarantun kurame, kamar ta Tudun Maliki a Kano wadda aka buɗe a 1977, ana karantarwa da wata isharar mai asali daga Amurka. Yaro yana iya riƙe duka biyun, kamar yadda ɗanka mai ji yake riƙe Hausa da Larabci. Abin da nake roƙon uba shi ne ya ajiye girman kai, ya nemi dattijon kurma a garinsu, ya zauna gabansa zaman almajiri. Uwa ta koya, 'yan'uwa su koya. Gidan da ake hira ana dariya, yaro yana kallon bakuna bai san abin da ake yi wa dariya ba, wannan yaron maraya ne alhali iyayensa suna da rai.

Malaman fiƙihu sun riga mu gane darajar ishara. Sun tabbatar cewa isharar da ake fahimta daga wanda ba ya iya furuci tana tsayawa a matsayin magana a cikin cinikinsa da aurensa da sakinsa. Sun ce kuma wanda ya kasa furta kabbarar harama yana shiga salla da niyyarsa. Shari'ar da ta karɓi hannunsa a wurin ɗaurin aure, yaya mahaifinsa zai ji kunyar wannan hannu a gaban baƙi? Kuma wanda kira bai isa gare shi ba, ba a kama shi da laifi. Tambaya tana komawa kan wanda aka ba amanar isarwa ya yi shiru.

A shekarun bayan annobar an kawo mini wani yaro zaurena, sanƙarau ya tafi da jinsa yana ɗan shekara 4. Babansa ya ce a bar shi kawai ya zauna cikin yara, kada ya yi yawo. Alwala ya koye ta da kallo cikin 'yan kwanaki. Na riƙa rubuta masa baƙi a allo, in nuna masa abu, in rubuta sunansa, shi kuma ya nuna mini yadda ake faɗinsa da hannu. Rubutunsa ya fi na tsaransa kyau, domin hayaniya ba ta ɗauke masa hankali. Yau tela ne, yana da iyali, yana rubuta awon masu ɗinki da hannunsa, kuma ba a riga shi sahun farko.

Sai kuma gargaɗi a kan bara. Wanda ya rataya wa ɗansa kwali a wuya ya tura shi tasha, ya mai da jarrabawarsa jari, ya kuma koya wa yaron cewa ba shi da abin bayarwa sai nakasarsa. Ko dokar ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta hana amfani da mai nakasa wajen bara. Kurma yana noma, yana ɗinki, yana sassaƙa, yana gyaran waya, yana karantarwa. Ki kula da 'ya mace kurma fiye da kowa, ki koya mata isharar da za ta faɗa miki in wani ya taɓa ta, domin azzalumi yana neman wadda yake zaton ba ta iya kai ƙara. In lokacin aurenta ya zo, a nemi yardarta da harshen da take fahimta.

Allah ya ba iyaye haƙuri mai tare da aiki, ya sa 'ya'yanmu masu ji da kuramensu su zama sanyin ido gare mu duniya da lahira. Amin.